Cinikin Sabon Abin Hawa: Takardar Saro Ba Ita Ce Ƙarshen Magana Ba

Kowace shekara idan kaka ta yi, kuɗi sukan shigo hannun mutanen karkara. A ƙasar Baure manomi yakan sayar da riɗi, wake ko gyaɗa. Wani yakan kai sansa kasuwar Mai'aduwa. Wani kuma ɗaukar adashi ce ta zo kansa. Daga nan sai a fara maganar sayen sabon abin hawa. Mafi yawan mutane babur suke nema. Masu ɗan ƙarfi sukan sayi keke mai ƙafa uku. 'Yan kasuwa da ƙungiyoyin manoma kuma sukan nemi a-kori-kura don ɗaukar kaya.

Wannan saye babba ne. Sau da yawa gumin shekara biyu ko uku ake ɗauka a kai shago a wuni ɗaya. Idan an yi ciniki mai kyau, abin da ya rage zai sayi taki ko ya biya wa yara kuɗin makaranta. Idan an yi sake, sai a bar wa wani kuɗin buhunan gero a banza.

Abin mamaki, mutumin da ya gwanance a cinikin shanu yakan yi sanyi a shagon dila. A kara ya san yadda zai taya, a ce albarka, ya juya baya, a kirawo shi. Amma a shago, da zarar an zaro takarda an ce, "Malam, duba da idonka, ko kuɗin saro ba ka kai ba," sai bakinsa ya mutu. Yana ganin tun da takarda ta faɗa, magana ta ƙare.

Alhali kuwa da sauran magana. Takardar saro tana iya zama gaskiya, amma ba ta ɗauke da duka lissafin dila. Akwai lokacin da dila zai sayar a kan kuɗin da ke jikin takardar, ko ma ƙasa da shi, kuma ya kwana da riba. Ga yadda abin yake.

HANYAR DA ABIN HAWA KE BI

Babur ɗin da ake gani a Baure, Zango, Sandamu, Mai'aduwa da Daura ya yi doguwar tafiya kafin ya iso. Bajaj da TVS kamfanonin ƙasar Indiya ne. Jincheng da Haojue na ƙasar Sin ne. Honda na Japan ne, kuma yana da masana'anta a garin Ota na Jihar Ogun, wadda aka kafa a 1979. A ɓangaren motoci, an fara haɗa Peugeot a Kaduna a 1975. Kamfanin Innoson kuma yana haɗa nasa a Nnewi, cikin Jihar Anambra.

Yawancin babura suna shigowa ta tashar jiragen ruwa ta Legas. Ba a haɗe suke zuwa ba, a cikin akwatuna suke. Kamfanin da ya shigo da su shi ke biyan kuɗin kwastan. Daga nan ya sayar wa manyan diloli a birane irin su Kano. Su kuma su sayar wa ƙananan diloli na garuruwa. A ƙarshe ga dillali a bakin shago yana jiran la'ada. Kowane hannu abin hawa ya ratsa, sai an ƙara masa wani abu.

A da gwamnati tana sa baki a farashi. Dokar ƙayyade farashi ta 1977 ta sa babura, motoci da kayan gyaransu cikin kayan da hukuma ke yanke wa kuɗi. Daga 1986, da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo tsarin SAP, sai aka bar kasuwa ta yi halinta. A yau abin da mai saye da mai sayarwa suka daidaita a kai shi ne farashi. Saboda haka wanda ya fi sanin kasuwa shi ke cin ribar ciniki.

FARASHI IRI HUƊU

Kowane sabon abin hawa yana da farashi iri huɗu. Ya kamata mai saye ya rarrabe su.

Na farko shi ne kuɗin da aka sa masa. Shi ne abin da dila ke fara faɗa. Ya san za a nemi ragi, don haka yakan bar wuri.

Na biyu shi ne kuɗin saro. Shi ne abin da ke rubuce a takardar da kamfani ko babban dila ya ba shi ranar da ya ɗauko kaya.

Na uku shi ne ainihin abin da kayan suka tasam ma dila. Ana samunsa bayan an cire ragi da tukuicin da kamfani ke mayar masa. Wannan lissafi yana cikin littafin dila, ba a nuna wa mai saye.

Na huɗu shi ne kuɗin fita. Shi ne jimillar duk abin da zai fita daga aljihun mai saye kafin ya hau abinsa ya isa gida. Ya haɗa da kuɗin haɗawa, takardu, lamba, inshora, la'ada da kuɗin mota.

Dila ya fi son a tsaya tsakanin na farko da na biyu. Mai saye kuwa ya riƙa tunawa da na uku, ya yi cinikinsa a kan na huɗu.

INDA DILA KE SAMUN KUƊI BAYAN TAKARDA

Ga wasu ƙofofin da kuɗi ke shigo wa dila waɗanda takardar saro ba ta nunawa.

Ragin sari. Wanda ya ɗauki babur 50 ba a yi masa kuɗi ɗaya da wanda ya ɗauki 5. Wani lokaci ba a rubuta ragin a takarda. Daga baya ake mayar masa, ko a cire masa a saro na gaba.

Tukuicin cika adadi. Kamfanoni sukan ce wa dila, idan ya sayar da adadi kaza cikin wata ɗaya ko wata uku, yana da tukuici.

Tsohon saro. Dila yana iya nuna takardar wannan wata, alhali babur ɗin da ke gabansa tun saron baya ne, lokacin da kaya suke da sauƙi.

Haɗawa da takardu. Kuɗin da ake karɓa na haɗa babur yakan fi abin da ake ba bakanike. Haka ma idan dila ya ce zai yi wa mai saye lamba da takardu, yakan sa nasa a ciki.

Kayan gyara. Wanda ya sayi babur yau, gobe zai dawo neman baƙin mai, sarƙa, filogi da batir. Dila mai hangen nesa ya san ribarsa tana gaba.

Bashi. Ribar da ake samu a kan mai biya kaɗan-kaɗan ta fi ta mai biya nan take nesa ba kusa ba.

Ba a ƙasar nan kaɗai ake wannan ba. A Amurka, tun 1958 doka ta ce a liƙa takarda a gilashin kowace sabuwar mota, mai nuna farashin da kamfani ya ba da shawara a sayar. Wani ɗan majalisar dattawa mai suna Mike Monroney ne ya kawo dokar. Masu saye a can sun koyi tambayar takardar saro. Amma kamfanoni da yawa sukan riƙe kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na kuɗin mota, su mayar wa dila daga baya. Shi ya sa a can akan ga an sayar da sabuwar mota ƙasa da kuɗin saro, kuma shago bai rufe ba.

MISALI DA LISSAFI

Lambobin da ke ƙasa misali ne kawai, don a gane lissafin.

A ce dila ya saro babur 20. Takarda ta nuna kowane ɗaya naira 1,000,000. Kamfani ya yi masa alkawari, idan ya sayar da duka 20 kafin ƙarshen wata, za a mayar masa da kashi 3 cikin 100. Wato naira 30,000 a kan kowane babur. Ashe ainihin kuɗin kowane ɗaya naira 970,000 ne.

To, a ce ya sayar da 19, saura ɗaya, ga wata ya rage kwana uku. Sai ga mai saye ya taya naira 985,000. A takarda dila ya faɗi da naira 15,000. Amma idan ya sallama, ya cika adadi. Za a mayar masa da naira 30,000 sau 20, wato naira 600,000. Idan ya ƙi sallamawa, wata ya ƙare bai sami wani mai saye ba, ya rasa wannan kuɗi duka. Kowane ɗan kasuwa ya san abin da zai zaɓa.

Wannan ba ya nufin dila maƙaryaci ne. Takardarsa daidai take. Kuma yana da nasa nauyi: hayar shago, albashin yara, kuɗin ɗauko kaya da haraji. Dole ya ci riba, in ba haka ba ya rufe. Abin da ake so mai saye ya gane shi ne, ganin takarda ba dalilin daina ciniki ba ne.

LOKACIN DA CINIKI KE YIN SAUƘI

Ba kullum ake samun ragi mai yawa ba. Lokaci yana da muhimmanci.

Dila yakan sassauta idan yana neman kuɗin sabon saro. Yakan sassauta idan kaya sun yi kwantai. Haka ma idan sabon samfuri ya fito, na bara yana tsaye a shago, ko idan wani launi ya ƙi fita. Ƙarshen wata da ƙarshen shekara ma lokuta ne masu kyau, domin a nan ake rufe lissafi.

Da damina kuɗin manoma suna gona, masu saye sukan ragu. Bayan girbi da gab da Salla kuwa shago yakan cika. Idan mutum biyar suna tsaye a kan babur ɗaya, ba mai ragin kirki da za a yi.

Akwai kuma maganar dala. Da dala ake sayo waɗannan kaya daga waje. A farkon Yunin 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a banki. Cikin wannan wata aka saki farashin canji. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. A irin wannan lokaci dila ba ya duba abin da ya saya jiya. Abin da zai saro gobe yake dubawa, don haka ragi yakan yi wuya. Amma idan dala ta sauko, mai tsohon kaya yakan so ya rabu da su da wuri, kafin masu araha su iso. Jin labarin canji a rediyo kafin tafiya yana da amfani.

SHIRI KAFIN A BAR GIDA

Rabin ciniki a gida ake yinsa. Ga abubuwan da ya kamata a fara yi.

1. A tsai da shawara kan irin abin hawan da ake so. A tambayi 'yan acaɓa da makanikai wanda ya fi jure rairayi da kaya, da wanda ake samun kayan gyaransa a kusa.

2. A tambayi mutum biyu ko uku da suka saya kwanan nan. Nawa suka biya? A wane gari? Me da me aka haɗa musu?

3. A nemi farashi daga shago uku ko fiye. Waya ta sauƙaƙa wannan. Ana iya jin na Daura, na Katsina da na Kano ba tare da an tashi daga Baure ba. A rubuta kowanne a takarda.

4. A lissafa kuɗin hanya. Idan ragin da za a samu a Kano bai wuce kuɗin mota, abinci da mai ba, gara a saya a kusa.

5. A yanke iyakar abin da za a biya, a ware kuɗin lamba da inshora daban.

6. A tafi da bakanike amintacce. Wanda karatunsa bai yi ƙarfi ba ya tafi da wanda zai duba masa rasit.

A CIKIN SHAGO

Mai saye ya shiga da sallama da fara'a. Zagi da kushe kaya ba sa sauko da farashi. Kada ya nuna zumuɗi. Kada ya faɗi yawan kuɗin da ya zo da su. Kada kuma abokan rakiya su tsaya suna yabon babur a gaban mai shi.

Tambaya ta farko ita ce kuɗin fita. Ga dalili. A ce shago na ɗaya ya ce naira 980,000. Sai ya ƙara 20,000 na haɗawa, 45,000 na takardu, 15,000 na la'ada. Jimilla naira 1,060,000. Shago na biyu ya ce naira 1,030,000 har da komai. Wanda ya ji lambar farko kawai zai ce shago na ɗaya ya fi araha. Lissafi kuwa ya nuna na biyu ya fi sauƙi da naira 30,000.

A tambaya ko harajin kaya, wanda ake kira VAT, yana cikin farashin. Tun daga Fabrairun 2020 wannan haraji kashi 7.5 ne cikin 100. Kada a bari sai an gama ciniki a ce za a ɗora shi.

Ga yadda magana kan gudana tsakanin dila da mai sayen da ya shirya:

"Alhaji, barka da kasuwa. Wannan nawa aka sa masa?"

"Naira 1,080,000, Malam."

"Na tambaya a shago uku. Akwai inda aka bar mini a 1,020,000 har da haɗawa. Kuɗina a hannu suke. Idan za a sallama a 990,000, yau zan ɗauka."

"Albarka. Ga takardar saro nan, ko uwar kuɗi ba ka kai ba."

"Na gani, Alhaji, ban musa takarda ba. Amma na san akwai ragin da kamfani ke yi wa manya irinku. A duba mini daga ciki."

Daga nan sai mai saye ya yi shiru, ya bar dila ya yi magana. Idan zai ƙara, ya ƙara kaɗan-kaɗan. Kada ya yi ƙarya game da farashin wani shago. Diloli sun san juna, waya ɗaya za a buga asiri ya tonu.

Idan an kasa daidaitawa, ya bar lambar wayarsa ya yi sallama. Wanda zai iya juya baya shi ke da ƙarfi a ciniki. Sau da yawa kafin ya isa tasha an kira shi.

Idan kuma farashi ya ƙi motsi, ya nemi gyara kamar yadda ake yi a cinikin hatsi. Ya nemi a haɗa masa kyauta, a ba shi hular kwano, baƙin mai ko sabis na farko. Waɗannan ma kuɗi ne.

Game da dillali, a yi magana tun farko. Nawa ce la'adarsa? Wa zai biya? Dillalin da ke karɓa a wajen mai saye da mai sayarwa ba tare da sun sani ba, ba ya taimakon kowa sai kansa.

HANNU ƊAYA BA YA ƊAUKAR JINKA

Hanya mafi sauƙi ta samun kuɗin sari ita ce haɗuwa. Idan mutum biyar ko goma daga gari ɗaya suna son babur, su je tare. Ƙungiyar manoma ko ta 'yan acaɓa tana iya shirya wannan. Mai neman babur goma yana iya tsallake ƙaramin shago ya je wajen babban dila. Ga ragin yawa, ga kuɗin ɗauko kaya an raba.

Amma a yi tsari. A zaɓi mutum uku amintattu su riƙe kuɗi. A rubuta abin da kowa ya bayar a gaban shaidu. A shago kuma a rubuta wa kowa rasit ɗinsa da sunansa da lambobin babur ɗinsa. Rasit ɗaya na mutum goma yana jawo rigima daga baya.

BASHI DA MUSAYA

Wanda kuɗinsa ba su cika ba akan ce masa ya ɗauka ya riƙa biya duk mako. Kafin ya yarda ya yi lissafi. A ce babur naira 1,000,000 ne a hannu. A bashi kuma an ce naira 30,000 duk mako har mako 50. Jimilla naira 1,500,000. An ƙara masa naira 500,000 ke nan. Ragin naira 20,000 da ya sha wahalar nema ya tashi a banza.

Saboda haka a fara gama cinikin kuɗi hannu. Bayan an tsai da farashi, sannan a tambayi na bashi. A tambayi jimillar abin da za a biya. A tambayi abin da zai faru idan rashin lafiya ta sa an tsallake mako biyu. Za a ƙwace abin hawan? Kuɗin da aka riga aka biya fa? Duk amsar a rubuta ta, kowa ya sa hannu.

Haka ma mai son ba da tsohon babur ya cika kuɗi. Kada ya haɗa ciniki biyu wuri ɗaya. Ana iya yi masa ragi a sabo, a danne shi a tsoho. Ya fara sanin kuɗin tsohonsa a kasuwa. In ya yiwu ya sayar da shi daban.

ARAHA BA TA ADO

Ragin gaskiya kaɗan ne. Idan kowa yana sayarwa kusa da naira 1,000,000, wani ya ce 750,000, to akwai lauje cikin naɗi. Ga abubuwan da za a kula da su.

Akwai tsohon babur da aka yi wa fenti aka naɗe shi da leda. Bakanike ya duba ƙusoshi, salansa, tayoyi da cikin tanki. In ya yiwu a buɗe akwati a haɗa a gaban mai saye.

Akwai sabon babur da aka musanya wa batir, tayoyi ko wani abu na inji da masu araha.

Akwai jabu, mai suna kusan irin na sanannen kamfani. A karanta sunan harafi-harafi.

Akwai wanda aka shigo da shi ta ɓarauniyar hanya. Baure tana kan iyaka da Jamhuriyar Nijar, kuma jami'an kwastan suna sintiri a hanyoyin yankin. Abin hawan da ba a biya masa kuɗin kwastan ba ana iya kama shi, kuɗin mai shi su salwanta.

Akwai na sata. Wanda aka kama shi da shi a hannu shi zai fara amsa tambaya.

Akwai kuma masu sa hoto a Facebook ko su bugo waya su ce a turo kafin alƙalami. Kada a tura ko kwabo ga wanda ba a san shagonsa ba. Gani ya kori ji.

TAKARDUN DA ZA A KARƁA

Kada a bar shago sai da rasit mai hatimi. Ya nuna sunan shago da adireshinsa, sunan mai saye, kwanan wata, irin abin hawa, launinsa da kuɗin da aka biya. Ya nuna lambar inji da lambar shasi, wato wadda aka buga a jikin ƙarfen abin hawa. A tsaya a gwada lambobin rasit da na jikin ƙarfe ɗaya bayan ɗaya. Kuskuren lamba ɗaya yana iya jawo kwana a ofishin 'yan sanda.

A nemi shaidar biyan kwastan. A nemi takardar garanti, a tambayi tsawon lokacinta da wurin da ake kai gyara. Duk alkawarin da dila ya yi da baki a ce ya rubuta shi a rasit.

Bayan haka a yi rajista da lamba a ofishin lasin na jiha. A yanki inshora ta gaske. A Janairun 2023 hukumar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta sa kuɗin ƙaramar inshora ta shekara naira 3,000 ga babur, 5,000 ga keke mai ƙafa uku, 15,000 ga motar gida. Sanin wannan zai hana a cika wa mutum kuɗi da sunan takardu.

Idan aka sayar wa mutum abin da ba shi aka ce ba, ya fara komawa shago da rasit da shaidunsa. In abin ya gagara, ya kai wa shugabannin kasuwa. Akwai kuma hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, FCCPC, wadda aka sa hannu a dokarta a 2019. Ko'ina aka je, rasit za a fara tambaya.

ABIN TUNAWA

1. Kuɗin saro ba shi ne ƙarshen abin da dila zai iya sallamawa ba.
2. A ji farashin shago uku kafin a taya.
3. A yi ciniki a kan kuɗin fita.
4. A raba cinikin sabo, na tsoho da na bashi.
5. A haɗu a saya tare idan da hali.
6. A guji arahar da ta wuce hankali.
7. A gwada lambobin rasit da na jikin abin hawa.

Ba kowane mai saye zai samu ƙasa da kuɗin saro ba. Ƙaramin dilan gari ribarsa ba ta da yawa, kuma shi ma yana da iyali. Amma wanda ya yi tambaya, ya rubuta, ya yi lissafi, da wuya ya biya fiye da abin da ya kamata. Naira 30,000 ko 50,000 da ya tsira da su za su yi masa aiki a gona idan damina ta faɗi.